Baƙo Ba Ya Zama Ɗan Gari Sai Iyalinsa Sun Iso: Tarihin Ɗauko Mata Da 'Ya'ya Zuwa Amurka



Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, wato da safe ka gan shi, kafin rana ta take ya tafi abinsa. To amma mu da aka haifa a Kurmi, ko muka tsufa a cikinta, mun san akwai ranar da baƙo yake daina zama raɓa. Ita ce ranar da matarsa ta sauka a tasha da tukwanenta da goyonta. Tun daga wannan rana ba za a ƙara tambayarsa yaushe zai koma ba, sai dai a tambaye shi ina gidansa yake.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne, 'ya'yanmu da ƙannenmu da dama sun tsallaka ƙasar Amurka, wasu karatu ya kai su, wasu cacar biza, wasu kuma sun bi sawun 'yan'uwanmu na zangunan Gana da suka riga su zuwa birnin Niyok. Da yawansu sun bar mata da 'ya'ya a hannunmu. Kullum tambayar da surukai suke yi ita ce: me ya hana shi ɗauke matarsa? Wani lokaci laifin yaron ne, ba musu. Amma sau da yawa akwai doka a tsakani, kuma dokar nan tana da dogon tarihi, wanda in mun san shi za mu gane abin da ake nema a wurin yaranmu, da dalilin da ya sa ake nemansa.

YADDA AKA YI A NAN GIDA

Bari mu fara da abin da muka sani. An keɓe wa Hausawan Badun wannan unguwa ta Sabo a shekarar 1916, lokacin da cinikin shanu da na goro ya bunƙasa bayan jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano. Waɗanda suka fara zuwa galibinsu maza ne, fatake da 'yan koli da masu rakiyar shanu. Baƙo ba ya sauka haka kawai, sai a hannun maigida. Maigida ne zai ba shi masauki, ya ciyar da shi, ya tsaya masa wajen mahauta in an ba da shanu bashi, in kuɗi suka maƙale kuma shi za a riƙe. In yaro ya daɗe a hannunsa ya ga amanarsa, sau da yawa maigidan ne zai taimaka masa ya yi aure, ya ba shi ɗaki. Da haka masaukin fatake ya zama gari mai masallatai da makarantun allo da maƙabarta.

Mu a nan ba mu buƙaci biza ba, domin ƙasarmu ce. Amma 'yan'uwanmu na Gana sun ga abin da rashin takarda yake jawowa. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya fita daga ƙasar. Mutanen da aka haifa a zangon Kumasi da na Ankara, waɗanda ba su taɓa ganin Kano ko Sakkwato ba, suka ɗaure kaya. Ke nan abu biyu ne suke zaunar da baƙo a ƙasar wasu: iyali, da takardar da ta halatta zaman iyalin. A kan waɗannan abubuwa biyu aka yi fiye da shekara ɗari ana ja-in-ja a Amurka.

ANA SON HANNU, BA A SON IYALI

Mutanen da aka fara gwada wa wannan abu su ne Sinawa. Bayan an gano zinariya a Kalifoniya a 1848, dubban maza daga kudancin ƙasar Sin suka yi ta tsallako teku. Su ne mafi yawan leburorin da suka fasa duwatsu daga ɓangaren yamma, har aka kammala layin dogon da ya ratsa Amurka a 1869. Muddin ana aiki kamfanoni na maraba da su. Da aiki ya ƙare sai aka fara ƙorafin sun yi yawa, suna karya farashin ƙwadago.

A 1875 Majalisar Dokokin Amurka ta yi wata doka wadda a fili aka ce don hana shigo da karuwai daga ƙasashen Asiya aka yi ta. Amma wajen aiki da ita sai jami'ai suka riƙa tuhumar kusan kowace mace Basiniya, har matan aure na ƙwarai suka daina gwada zuwa don gudun wulaƙanci. A 1882 kuma aka fito fili aka hana leburorin Sin shigowa ɗungurungum. Wanda ya riga ya shiga ya zauna, amma ba shi da ikon ɗauko matarsa. Ƙidayar 1890 ta nuna a cikin Sinawan Amurka akwai maza kusan 27 a kan kowace mace ɗaya. Mutum ya tsufa yana wanki da guga, yana aika kuɗi gida, ɗan da ya bari a ciki ya girma ya yi aure bai san fuskar ubansa ba.

Akwai wani abu a nan da zai ja hankalinmu mu 'yan kasuwa. Dokar ba ta hau kan attajiri ba. A 1900 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke hukuncin cewa ɗan kasuwa Basine yana da damar shigo da matarsa da ƙananan 'ya'yansa, lebura kuwa babu. Wato tun farko, aljihun miji yana cikin abin da ake dubawa kafin a bar mata ta bi shi.

'YA'YAN TAKARDA

A watan Afrilu na 1906 aka yi girgizar ƙasa a birnin San Faransisko, gobara ta biyo baya ta cinye ofisoshin da ake ajiye takardun haihuwa. Sai Sinawa da yawa suka ga dama ta samu, kowa ya ce ai shi a nan aka haife shi, takardarsa ce ta ƙone. Wanda aka haifa a Amurka ɗan ƙasa ne, kuma ɗansa yana da damar zuwa ko da a Sin aka haife shi. Mutum sai ya je gida ya dawo, ya shaida wa hukuma an haifa masa ɗa namiji, alhali ko ba a haifi kowa ba. Bayan wasu shekaru ya sayar da wannan gurbi ga wani yaro, yaron ya ɗauki sunansa ya shigo. Su ake kira 'ya'yan takarda.

Hukuma ta gane. Daga 1910 zuwa 1940 aka riƙa tsare masu shigowa a wani tsibiri da ake kira Anjel, kusa da San Faransisko. A zaunar da uba a ɗaki ɗaya, ɗa a wani ɗakin, a yi musu tambaya iri guda: taga nawa ce a gidanku na ƙauye, ina ake ajiye shinkafa, matakala nawa ce a ƙofar gida, waye maƙwabcinku na hannun dama. In amsa ta saɓa, sai a mayar da yaro. Wasu sun yi makonni a tsare, wasu watanni. Abin tausayi shi ne har ɗan halak na gaskiya yakan faɗi, don ya manta yawan tagogin gidansu. Duk yaronmu da ya je ganawa a ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Ikko aka tambayi matarsa wane irin aiki mijinta yake yi da kuma yaushe suka yi magana ta ƙarshe, to ya sani wannan salo ba a kansa aka fara ba.

AMAREN HOTO

Japanawa kuwa gwamnatinsu tana da ƙarfi, saboda haka ba a yi musu irin na Sinawa ba. A tsakanin 1907 da 1908 ƙasashen biyu suka daidaita cewa Japan za ta daina ba leburori fasfo, amma wanda ya riga ya zauna a Amurka yana iya ɗauko matarsa da 'ya'yansa. Tunda samari ba su da kuɗin jirgin komawa gida, sai iyaye su nema musu mata, a yi musayar hoto, a rubuta sunan yarinya a littafin dangin miji, shi ke nan ta zama matarsa. Dubban mata suka sauka a tashar jirgin ruwa riƙe da hoto suna neman mijin da ba su taɓa gani ba, wata ma ta tarar hoton na shekara goma da suka wuce ne. Turawa suka yi ta surutu, har Japan ta daina ba irin waɗannan amare fasfo a 1920. Amma kafin nan an haifi 'ya'ya, an kafa gidaje, Japanawa sun yi saiwa a ƙasar, abin da Sinawa ba su samu ba sai bayan shekaru masu yawa.

DAGA 1924 ZUWA 1952

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya sai Amurka ta ƙuntata ƙofa ga kowa. Dokar 1924 ta yanka wa kowace ƙasa adadin mutanen da za ta turo a shekara, aka fifita Ingila da Jamus da maƙwabtansu, aka danne sauran. Italiya, wadda kafin yaƙi takan turo fiye da mutum 200,000 a shekara, aka mayar da rabonta ƙasa da 4,000. A nan ne aka ja wani layi wanda har yau yana nan. Wanda ya zama ɗan ƙasa, matarsa da ƙananan 'ya'yansa suna shiga ba tare da an lissafa su cikin adadin ba. Wanda kuwa izinin zama kaɗai gare shi, iyalinsa sai su bi layi. Da kukan rabuwar iyali ya yi yawa, a 1928 aka ɗan sassauta aka ba su fifiko a cikin layin, amma dai layi ne.

Yaƙin Duniya na Biyu ya buɗe wata kafa. A 1943 aka soke dokar hana Sinawa, tunda Sin abokiyar yaƙi ce, ko da yake gurbi 105 kacal aka ba su a shekara. A watan Disamba na 1945 aka yi dokar amaren soja, wadda ta bar sojojin Amurka su shigo da matan da suka aura a fagen fama. Fiye da mata da yara 100,000 suka shiga ta wannan hanya. A 1952 kuma aka daidaita tsakanin miji da mata, wato mace 'yar ƙasa ita ma tana iya ɗauko mijinta kamar yadda namiji yake ɗauko matarsa. Mu a lokacin muna ƙarƙashin Ingila, kuma dokar ta 1952 ta ce kowace ƙasa da ake mulka ba za ta wuce mutum 100 a shekara ba. Shi ya sa iyayenmu ba su san wannan hanya ba, su Makka suka sani da Gwanja da Sudan.

DOKAR 1965

Babban juyi ya zo ranar 3 ga Oktoba, 1965, sa'ad da Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta soke fifita wata ƙasa a kan wata. Gwamnati ta so a fifita masu sana'a da ilimi. Amma wani ɗan majalisa daga Jihar Ohayo, Michael Feighan, ya dage sai an fifita dangi. Lissafin masu wannan ra'ayi shi ne, tunda mafi yawan mutanen ƙasar jikokin Turawa ne, to 'yan'uwansu Turawa za su riƙa ɗaukowa, ƙasar ta zauna yadda take. Aka ware kashi 74 cikin 100 na gurabe ga dangi, aka ce kowace ƙasa a wannan sashe na duniya kada ta wuce 20,000 a shekara. Mata ko miji, da ƙananan 'ya'ya, da iyayen wanda ya zama ɗan ƙasa kuwa, ba a sa musu iyaka ba.

Ana nan sai lissafi ya kife. Turai ta farfaɗo, mutanenta ba su da sha'awar ƙaura. Waɗanda suka yi amfani da dokar su ne mutanen Asiya da Kudancin Amurka, daga baya kuma Afirka. Ɗalibi ɗaya ya zauna, ya ɗauko mata, bayan shekara biyar ya zama ɗan ƙasa, ya ɗauko iyaye da 'yan'uwa. Dabarar da aka yi don a tsare ƙofa ita ce ta buɗe ta.

KOWACE ƘOFA DA MAI GADINTA

Da mutane suka gane aure ne hanya mafi sauri, sai auren haya ya yi yawa. A 1986 aka yi doka cewa in aure bai cika shekara 2 ba lokacin da aka shiga, to izinin zama na wucin gadi za a bayar, na shekara 2. Cikin kwana 90 na ƙarshe sai miji da mata su koma tare su nuna har yanzu suna zaman aure na gaskiya. Wanda aka kama da auren bogi yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 5 da tarar da ta kai dala 250,000, kuma ba za a ƙara karɓar takardar da wani ya cike masa ba har abada.

Dokar 1990 ita ce ta kawo cacar biza, gurbi 55,000 a shekara, wadda ta fara aiki sosai a 1995. Ta nan 'yan Nijeriya da yawa suka shiga, har aka cire Nijeriya daga cacar a 2013 saboda waɗanda suka shiga cikin shekara biyar sun haura 50,000. Sharaɗin cacar shi ne mutum ya rubuta matarsa da dukan 'ya'yansa da ba su kai 21 ba tun a fom na farko. Waɗanda 'yan cike fom suka ruɗa suka rubuta ba su da aure, wai don abin ya fi sauƙi, da yawa sun rasa bizar a wajen ganawa, waɗanda suka wuce kuma suka rasa bakin da za su ce suna da iyali. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ita dai dokar ta 1990 ta ware gurbi kimanin 88,000 a shekara ga mata da ƙananan 'ya'yan masu koren kati, wanda samari ke kira girin kad, kuma wannan adadi na duniya ne baki ɗaya. Layi ya yi tsawo har a shekarar 2000 majalisa ta ƙirƙiro wata biza ta musamman don iyalan da suka yi shekara 3 ko fiye suna jira. Akwai kuma yaran da suke cika 21 suna kan layi, su faɗa wani layi mafi tsawo. A 2002 aka yi dokar da ta rage wannan matsala, ta hanyar cire kwanakin da takarda ta yi a hannun hukuma daga shekarun yaro.

Sai babbar magana, wadda mu 'yan Sabo za mu fi kowa ganewa, wato lamuni. Dokar 1996 ta ce duk mai ɗauko iyali sai ya sa hannu a takardar alkawari, fom mai lamba I-864, bayan na farko mai lamba I-130 da ake nuna dangantaka da shi. Sai abin da yake samu a shekara ya kai ma'aunin talauci da gwamnati ta yanka ga gida mai yawan mutanensa, a ɗora rubu'i a kai, wato kashi 125 cikin 100. In nasa bai kai ba, sai ya nemo wani ya tsaya masa. Alkawarin kuma ba na fatar baki ba ne, kotu tana kama mutum da shi. Yana nan a wuyan mutum har sai wanda aka ɗauko ya zama ɗan ƙasa, ko ya yi aiki na kimanin shekara 10, ko ya bar ƙasar, ko ya rasu. Ko saki ba ya warware shi. Ashe dai tsarin maigida ne, sai dai su sun rubuta nasu a takarda. Duk wanda aka roƙa ya tsaya wa wani, ya auna kamar yadda iyayenmu suke aunawa kafin su lamunce wa mahauci shanu.

INDA AL'ADARMU TAKE KARO DA DOKARSU

Wannan tarihi ya bar wasu ƙa'idoji huɗu da suka shafe mu kai tsaye, kuma iyaye ne suka fi kamata su san su, tunda mu muke ɗaura aure, mu muke ba da riƙo.

Na farko, auren wakilci. A wurinmu in waliyyi ya bayar, wakili ya karɓa, an yanka sadaki gaban shaidu, aure ya ɗauru ko ango yana bayan teku. Dokar Amurka kuwa ta ce in ba a ɗaura auren ma'aurata suna wuri ɗaya ba, ba za ta ɗauke su miji da mata ba har sai sun tare bayan ɗaurin auren. Saboda haka sai ango ya zo gida, ya kuma adana shaidar zuwansa, kamar hatimin fasfo da tikitin jirgi da hotuna, kafin ya cike fom.

Na biyu, mace fiye da ɗaya. Tun 1891 dokarsu ta hana shigar mai auren mata fiye da ɗaya, a lokacin da suke rikici da wata ɗariƙar Kirista ta Momon a yankin Yuta. Auren fari shi suke ɗauka, muddin yana nan. 'Ya'yan amarya uba yana iya nema musu in ya tabbatar nasa ne, amma uwarsu ba ta da hanya ta wajensa. In kuwa an rabu da ta farin, suna neman shaidar rabuwa a rubuce daga hukuma, ba su san saki na baka ba. Wanda zai ba da 'yarsa ga mazaunin Amurka mai mata, ya san wannan tun kafin a sa rana.

Na uku, riƙo. Mu ɗan wa da ɗan ƙane duk 'ya'ya ne, gida ɗaya kwano ɗaya. Su kuwa ɗa a wurinsu shi ne wanda ka haifa, ko agolan da aka auri uwarsa kafin ya kai 18, ko wanda kotu ta mallaka maka kafin ya kai 16 kuma ya yi shekara 2 a hannunka. In sun yi shakka sukan nemi gwajin ƙwayoyin halitta, wanda ba ya jin roƙo. Rubuta ɗan ɗan'uwa a matsayin ɗan cikinka yana iya jawo wa 'ya'yanka na gaskiya asara, balle ma addininmu ya hana jingina ɗa ga wanda ba ubansa ba.

Na huɗu, aurar da 'ya. Mai koren kati yana iya nema wa ɗansa ko 'yarsa ne muddin ba su yi aure ba. Ranar da aka ɗaura wa yarinya aure alhali uban bai zama ɗan ƙasa ba, takardarta ta mutu, ko shekara nawa ta yi a layi. Ba muna cewa a hana yarinya aure don biza ba, aure ya fi biza. Muna cewa ne a yi shawara da uban tukuna, a zaɓa da sani.

Ƙari a kan waɗannan, mu daina wasa da takardar haihuwa. A yi wa yaro rajista a Hukumar Ƙidaya tun yana jariri, a rubuta sunansa iri ɗaya a makaranta da fasfo. Muhammadu a nan, Mamman a can, shekarar haihuwa biyu, duk suna tsayar da takarda.

ƘOFA BA TA DA TABBAS

Wani darasin da tarihin nan ya koya mana shi ne ƙofar tana buɗewa tana rufewa gwargwadon siyasar masu ita. A ƙarshen watan Janairu na 2020 gwamnatin Donald Trump ta dakatar da ba 'yan Nijeriya bizar zama na dindindin, har da matan aure da suka kai bakin ganawa. Joe Biden ya soke wannan umarni ranar da ya hau mulki, 20 ga Janairu, 2021. A watan Disamba na 2025 aka sake sanya Nijeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa biza, Nijar kuma cikin waɗanda aka rufe wa ƙofa gaba ɗaya. Saboda haka wanda yake da damar cike wa iyalinsa takarda kada ya ce sai ya gama gini a gida tukuna, wanda kuma ya cika shekarun zama ɗan ƙasa kada ya yi sakaci, domin tun 1924 iyalin ɗan ƙasa ne a gaba. A kuma nemi lauya na ƙwarai wanda ya san dokar ranar, a guji 'yan cike fom na bakin titi.

HAƘƘIN MAI JIRA

A ƙarshe, jama'a, kada lissafin doka ya mantar da mu wadda take zaune a ɗaki. Malamanmu sun karantar da mu cewa da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya natsu a Madina, sai ya aiki Zaidu ɗan Harisa da Abu Rafi'u Makka suka ɗauko masa iyalinsa. Sun kuma ba mu labarin Ummu Salama, Allah Ya ƙara mata yarda, wadda danginta suka riƙe ta, dangin mijinta suka ƙwace ɗanta, mijin kuma ya wuce Madina, ta yi kusan shekara tana kuka kafin Allah Ya haɗa su. Rabuwar iyali jarrabawa ce tun fil azal, kuma magabata ba su ɗauke ta ƙaramin abu ba.

To yaronmu da ke can, in doka ce ta tsare shi, ya faɗa wa matarsa da iyayenta gaskiyar inda takarda ta tsaya, ya nuna musu lambar fayil, ya ci gaba da ciyarwa da tufatarwa, ya zo gida in yana da halin zuwa. In kuwa ya san a ransa ba ɗauko ta zai yi ba, ya ji tsoron Allah ya ba ta zaɓi, kada ya bar 'yar mutane a rataye ƙuruciyarta tana ƙarewa. Mu iyaye kuma, kafin mu karɓi sadakin mazaunin waje, mu tambaya: wace irin takarda gare shi, yana da wata matar, kuma shekara nawa yarinya za ta jira? Tambaya ba rashin kunya ba ce. Shugabannin unguwa da limamai su ma suna da rawar takawa, su riƙa ba da shaidar ɗaurin aure a rubuce, da kwanan wata da sunayen shaidu, su ajiye kwafi.

Kakanninmu sun zo Badun da sanda da buta, suka zama gari saboda sun ɗauko iyali kuma sun riƙe amanar lamuni. Allah Ya ba 'ya'yanmu da ke nesa ikon yin haka. Allah Ya haɗa kowane miji da matarsa, kowane uba da 'ya'yansa, cikin alheri. Allah Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Amin summa amin.